Tunda aurena ya mutu na kasa addu'a, ko imanina ne ya tafi?

Maman Biyu, Gombe:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, na daɗe ina son yin tambayar nan sai in rubuta in goge, yau dai na cije na ce bari in tura tunda ba wanda ya san fuskata a nan.

Wata biyar kenan da mutuwar aurena. An ɗaura mana aure a 2015, yaranmu biyu, mace 'yar shekara 8 da namiji ɗan shekara 4. Wannan shi ne saki na uku, na farko da na biyu duk na koma tun kafin idda ta cika, wannan karon kam igiya ta ƙare. Ko a hannu bai bani takardar ba, ƙaninshi ya aiko da ita, ina tsakar gida ina wankin kayan makarantar yara hannuna duk kumfa sai da na goge a zani sannan na karɓa. Ba zan tsaya bada labarin abinda ya haɗa mu ba, ba shi ya kawo ni ba kuma ko ba komai uban 'ya'yana ne. Yanzu ina gidanmu a Pantami, ɗakin da na bari ina budurwa shi na dawo, ni da ƙannena mata biyu da ƙaramin yarona, gado da kujeruna suna jibge a zaure an rufa musu leda. Babbar tana hannunshi, ya ce wai saboda makaranta, ran Juma'a wani lokaci a kawo min ita wani lokaci a ce an manta.

Abinda ke cin raina shi ne, wallahi na roƙi Allah a kan gidan nan. Kusan shekara huɗu ƙarfe ukun dare idona biyu, in yi alwala in yi nafila in yi ta kuka a sujjada ina cewa ya Allah ka gyara min gidana, kar ka sa 'ya'yana su tashi a hannun matar uba. Azumin Litinin da Alhamis bana bari ya wuce ni, ran Juma'a in soya ƙosai in raba wa almajirai, goman ƙarshe na Ramadan har masallaci nake zuwa tahajjud da goyo a bayana, kuma duk abu ɗaya nake roƙo ban taɓa roƙon kuɗi ko mota ba. Sai gashi abinda nake gudun ne ya same ni, sak yadda na ji tsoronshi.

Tun daga ranar kamar an zare min wani abu a ƙirji. Sallah ina yi ban bari ba, amma tsayuwa ce da sunkuyo kawai, sai in sallame ban san ma surar da na karanta ba. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, wani abu a raina ya ce to wadda kika shekara huɗu kina yi ina ta je? Astagfirullah, ni kaina in na ji haka jikina har rawa yake. Alƙur'anina tunda aka kwaso kaya yana cikin akwati ban buɗe ba. Barci ba na samu sai gab da asuba, abinci sai Dada ta tsaya a kaina, duk zannuwana sun min yawa, wani lokaci har in ji da ma in kwanta kar in tashi.

Goggona in ta gan ni ina kuka sai ta ce kukan me kike, a kanki farau? Rashin tawakkali ne, mumini ba ya haka. Wata ƙawata kuma ta dame ni wai akwai wani malami a wani ƙauye, ta kai mishi sunana ya duba ya ce farraƙu aka mana, in kawo naira dubu 40 da baƙin zakara zai warware. Ban je ba amma ba zan ɓoye muku ba raina ya fara rayawa.

Tambayata, wannan halin da nake ciki fita ne daga imani? Allah fushi yake da ni? Kuma wadda ta taɓa shiga irin wannan ta fita dan Allah ta faɗa min ta ina ta bi, ban son a ce min ki yi haƙuri kawai, na ji shi har ya daina shiga kunnena.

Addar Yara, Kumo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta, a na biyun sai da na ajiye wayar na share ido, don inda kike tsaye na taɓa tsayawa. Nawa auren ya mutu a 2011 ina da yara uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba.

Bari in fara da abinda ya fi tsorata ki. Wadda imaninta ya tafi ba ta tashi da sanyin asuba ta taɓa ruwa ta yi alwala, kuma jikinta ba ya rawa don wani tunani ya gifta mata. Ke wata biyar kina sallah babu daɗinta ko kaɗan amma baki bari ba, wa kike yi wa? Ba Goggo ba ce, don kina iya shiga ɗaki ki fito ki ce kin yi. Ki zauna ki yi tunanin wannan.

Maganar kuka kuwa, ki gaida min Goggo da kyau, uwa ce kuma na san tsoro ne ya sa take faɗa, mutanen da haka aka rene su, a haɗiye a yi shiru. Amma ki buɗe Suratu Yusuf daga aya ta 83. Annabi Yaƙub (AS) ya ce fa sabrun jamil, haƙuri mai kyau, ayar da ke bi mata kuma ta ce ya juya musu baya ya ce wayyo baƙin cikina a kan Yusuf, idanunshi suka yi fari saboda baƙin ciki. Ko aya ɗaya babu tsakanin haƙurin da kukan, kuma Allah bai ce ya warware haƙurinshi ba. 'Ya'yanshi ma irin maganar Goggo suka mishi, wai ba za ka daina ambaton Yusuf ba har ka lalace ko ka halaka, sai ya ce musu a aya ta 86 innama ashku bassi wa huzni ilallah, ni Allah kawai nake kai wa kukana da baƙin cikina. Ranar da malamarmu ta islamiyya ta karanta min wurin nan, a tsakar gidanmu ina zaune a kan turmi, wallahi ji na yi kamar an sauke min dutsen niƙa daga kai, ashe ba a hana ni kuka ba, nuna min aka yi inda zan kai shi.

Yadda na bi kuwa ba wani abu mai yawa ba ne. Ita malamar ce ta ce min ki ajiye duk nafilfilin nan tukuna, ki riƙe biyar ɗin nan kawai a kan lokaci ko da kina ji kamar itace, sai addu'a guda ɗaya bayan sallama, ta Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, ya Allah ka bani lada a musibata ka musanya min da abinda ya fi ta. Na ce mata Malama bakina zai faɗa amma zuciyata bata yarda akwai wani alheri a gaba ba. Ta ce ita ma mai addu'ar da mijinta Abu Salama ya rasu cewa ta yi wa ya fi Abu Salama a cikin musulmi, amma duk da haka ta faɗa, daga baya Manzon Allah (SAW) ya aure ta. Kin ga ita ma da tambaya a ranta ta fara. Haka na yi ta faɗa kamar mai haddar allo, wata da watanni babu abinda na ji, ba zan miki ƙarya in ce sati biyu na warke ba. Ya fi shekara kafin wata rana a sallar isha'i ina cikin Wadduha na zo ma wadda'aka rabbuka wa ma ƙala, Ubangijinka bai rabu da kai ba kuma bai ƙi ka ba, sai kuka ya ƙwace min irin wanda ke wanke ƙirji, ba irin wancan mai ƙona shi ba. Fushin da nake da uban yarana kam sai da ya kai shekara biyu da wani abu, yanzu in sunanshi ya faɗo a hira ba na jin komai.

Kuma kar ki ɗauka musanyar dole miji ne. Mutane da sun ji labarin Ummu Salama sai su ce yawwa za ki samu wanda ya fi shi, ni shekara bakwai na yi a gida ana kirana bazawara, a biki in na zauna kusa da matan aure sai ki ga wata tana gyara zama kamar mijinta na zo ɗauka. Abinda Allah ya fara musanya min dashi barci ne, sai sana'a. Da mudu biyar na gyaɗa na fara, in soya in kai niƙa in matse mai in yi ƙuli, hannuna har ya yi kanta, yau buhu nake sarowa a Tudun Hatsi. Aikin nan ya taimake ni ba kaɗan ba, don mai tuya ƙuli bata da lokacin zama ta ƙirga abinda aka mata, kuma in kika gaji da rana dole dare ki yi barci. Zaman ɗakin nan da ƙannenki kina kallon rufi shi ne abokin gaba, ki nemi abin yi ko ƙarami ne, ki kuma koma islamiyya ko don ki ga fuskokin mutane.

Wajen mai baƙin zakara kuwa kar ki je, na kai nawa kuɗin wurin irinsu har 'yan kunnen zinarina na sayar, abinda na samu kawai zargin mutanen da basu min komai ba, har da ƙanwar babana.

Ɗan Jekadafari:

Baiwar Allah Allah ya baki haƙuri. Amma gaskiya ku mata sai kun dinga haƙuri a gidan miji, duk tsiya ɗakinki ya fi zauren gidanku, kuma yaran nan su za su sha wahala ba ku ba. Shawarata a samu manya su zauna, in ma ta kama a samu wani mai mutunci ya aure ki na ɗan lokaci ya sake ki sai ki koma ɗakinki ki riƙe 'ya'yanki, ana yi ai. In kika koma duk wannan damuwar za ta wuce.

Ɗalibin Ilimi, Bauchi:

Ɗan uwa na Jekadafari Allah ya gafarta mana da kai, wannan da ka kawo sunanshi auren kisan wuta, kuma Manzon Allah (SAW) ya tsine wa mai yinshi da wanda aka yi dominshi. Ana yi ba hujja ba ce. Abinda Suratul Baƙara aya ta 230 ta faɗa shi ne bayan saki na uku bata halatta gare shi sai ta auri wani miji, aure na gaskiya da niyyar zama, ba na yarjejeniya ba. Sannan ka sake karanta abinda ta rubuta, bata ce ita ta fita ba, takarda aka aiko mata, kuma shekara huɗu tana tsaye cikin dare saboda gidan, wane haƙuri kuma ya rage da za a ce ta yi?

'Yar uwa, ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba, amma abinda na karanta a gaban malamai zan faɗa miki. Wannan tunanin da ke gifta miki har jikinki ya yi rawa, sahabbai da kansu sun zo wurin Manzon Allah (SAW) suka ce muna jin wani abu a ranmu da yake mana girma mu furta shi, ya ce kun ji hakan? Suka ce eh, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Malamai suka ce ba wasiwasin ne imanin ba, ƙin da kuka yi mishi da tsoron da kuka ji shi ne. Don haka in ya zo ki yi a'uzu billahi ki tashi daga wurin, kar ki zauna kina yi wa kanki shari'a.

Addu'ar shekara huɗu ina ta je, wannan tambaya ce mai nauyi kuma ba zan ce na san hikimar Allah a kan gidanki ba, duk wanda ya ce miki ya sani ya yi ƙarfin hali. Abinda muka sani shi ne hadisin Abu Sa'id al-Khudri, cewa musulmi ba zai yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba face Allah ya bashi ɗayan uku, ko ya gaggauta mishi abinda ya roƙa, ko ya ajiye mishi ita a lahira, ko ya kawar mishi da wani sharri kwatankwacinta. Babu na huɗu da ake ce wa ta faɗi ƙasa. Kuma ki lura a cikin roƙonki akwai 'ya'yanki, wannan ɓangaren ai ba a rufe shi ba tukuna, yaran yanzu suke tasowa.

Mutuwar aure kuwa ba alamar fushin Allah ba ce. Zainab bint Jahsh sakinta Zaid bin Harisa ya yi, ta zama uwar muminai, labarin yana Suratul Ahzab aya ta 37. Faɗima bint Ƙais ita ma mijinta yana can a tafiya ya aiko mata da sakin ƙarshe, bai tsaya gabanta ya faɗa ba, kusan irin naki, da ta gama idda Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi aurenta Manzon Allah ya ce ta auri Usama bin Zaid, ta ce Allah ya sa alheri a ciki. A zamaninsu ba a yi wa wadda aka saka kallon da muke yi wa bazawara yau, wannan kallon namu ne mu muka ƙirƙiro shi. Kuma akwai aya ta 130 a Suratun Nisa'i, wa in yatafarraƙa yugnillahu kullan min sa'atih, in suka rabu Allah zai wadata kowannensu daga yalwarshi. Kowannensu ya ce, bai ce mijin kawai ba.

Sai abinda na ga an tsallake, maganar 'yarki. A fiƙihun Malikiyya, wanda dashi alƙalanmu ke hukunci a sha'anin aure, riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, matuƙar uwar bata auri wani bare ga yaran ba, in ma ta yi aure kakarsu ta wajen uwa ce ke gaba a layi. Ci da sha da sutura da magani kuwa a wuyan uba suke ko yaran suna ina. Mutane da yawa basu san wannan ba, sai a ce ɗa na uba ne a ƙwace. Ban ce ki ruga kotu gobe ba, ki fara da Baba da yayyenki maza su je wurin manyanshi cikin mutunci, in abin ya ƙi to zuwa gaban alƙali ba rashin tawakkali ba ne, haƙƙinki ne da na yarinyar. Ina ganin rabin abinda ke hana ki barci rashin yarinyar nan ne.

Mai duba kuwa, hadisin Muslim ne cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarshi ta kwana 40. In kina tsoron sammu ki riƙe Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a hannu ki shafe jikinki da na yaronki kafin barci, ba sai kin ba kowa ko sisi ba.

Anti Nas, Bauchi:

Duk abinda Adda da Malam suka faɗa na yarda dashi, amma ni layi ɗaya ne ya tsaya min a rubutunki, inda kika ce da ma ki kwanta kar ki tashi. Dan girman Allah kar ki riƙe wannan maganar ke kaɗai, yau ɗin nan ki faɗa wa Dada ko wani da kika yarda dashi a gida, da bakinki, yadda kika rubuta mana.

Aikin jinya nake kuma na ga irinki da yawa, mace ta zo da ciwon kai da faɗuwar gaba da ciwon ƙirji an sha maganin maleriya da taifot har an gaji, sai an zauna da ita a gano watanta shida da saki. Rashin barci, rashin cin abinci, rama, daina jin daɗin abinda kika saba jin daɗinshi, in suka haɗu suka wuce sati biyu kullum kullum to likitoci ciwon damuwa suke zargi, ke kuma wata biyar kike faɗa. Ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinshi, wani da zama ana magana kawai wani da ƙwayoyi na wasu watanni. Kuma abinda mutane basu gane ba, shi wannan ciwon yana ɗauke ɗanɗanon komai, abinci, hira, wasan yaro, har da sallah. To yana yiwuwa wani ɓangare na nauyin bakin da kike ji a addu'a ba daga imaninki yake ba, daga jikin da ya wata biyar ba barci yake.

Ki je asibitin koyarwa na Gombe ki yanki kati, a gwada jininki, ki faɗa wa likita komai har da wancan tunanin, in ya tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa kar ki ji kunya ba hauka ake nufi ba. Kar kuma ki sayi maganin barci a kemis da kanki, wasu in an saba dasu barinsu aiki ne. Nana A'isha ma in an yi rasuwa a danginsu takan sa a dama talbina, kunu ne na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage wani ɓangare na baƙin ciki. Kin ga tun can an san mai baƙin ciki cikinshi ma yana buƙatar a kula dashi. Ko kunun gyaɗa ne ki daure ki sha da safe.

'Yar Kaltungo:

Sannu 'yar uwata. Ni Kirista ce, ina fata ba laifi in sa baki, don ciwon nan bai san coci ko masallaci ba. Mijina ya tafi Abuja neman aiki shekara shida da suka wuce, daga baya na ji ya ajiye wata a can, har yau ba saki ba aure, a wurinmu kuma rabuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Na daina zuwa sujada kusan shekara don kunya, ga fushi da Allah, ni da nake cikin mawaƙa tun ina yarinya na kasa buɗe baki. Matan Zumunta ne suka ƙi barina, wasu iyaye uku, basu min wa'azi ba ko sau ɗaya, su zo su zauna su taya ni tsince wake su yi addu'a a gabana ni ina shiru su tafi, sati mai zuwa su dawo. Ɗaya daga cikinsu ta ce min in bakinki ya mutu mu za mu yi miki har ya tashi. Daga baya na ga a Zabura ta 13 Dauda da kanshi yana tambayar Ubangiji har yaushe za ka manta da ni, na ce ashe masu tsoron Allah ma sun yi wannan tambayar. Ki samu ko mutum ɗaya da zai zauna kusa da ke ba don ya gyara ki ba. Zan sa ki a addu'a da ke da yarinyarki, Allah ya dawo miki da ita.

Ɗan Jekadafari:

Malam na gode, na karɓi gyara, Allah ya yafe min. Baiwar Allah ki yafe ni ke ma. Gaskiyar magana da kaina nake, ni na saki tawa saki na uku a kan abinda bai kai ya kawo ba, shekara biyu kenan, ta yi aure a Bajoga, yarana uku suna wurin mahaifiyata na hana tsohuwar matar tawa su don haushi. Tun jiya da na karanta maganar riƙon yara ban samu sukuni ba. Mu ma muna kuka, a ɓoye ne kawai, ni a shago nake nawa bayan na rufe ƙofa. Zan je in samu kakarsu ta wajen uwa mu yi magana in sha Allah.

Maman Biyu, Gombe:

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri kwana goma ban leƙo ba, na karanta duka tun ranar amma na kasa rubutu. Allah ya saka muku da alheri, Ɗan Jekadafari ba komai wallahi Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ka kai mata yaranta ta gani. Maman Kaltungo na gode, amin, ke ma Allah ya share miki hawaye.

Anti Nas a daren na faɗa wa Dada, ta yi shiru ta daɗe sannan ta tashi ta ɗauko tabarmarta ta dawo ɗakinmu, har yau nan take kwana. Hammana ya kai ni asibiti ran Talata, jinina ya hau sosai ashe, sun bani magani sun kuma bani ranar da zan koma ganin wani likitan. Maganar yarinya na karanta wa Hamma abinda Malam ya rubuta, shi ma bai sani ba, ya samu Baba da Kawu sun ce za su je wurin mahaifin tsohon mijina bayan sallar Juma'a, ku taya ni addu'a don gabana faɗuwa yake. Ƙawata na ce mata ta bar maganar mai zakara, ta ji haushi amma ba komai.

Alƙur'anin na ciro shi daga akwati shekaranjiya. Na buɗe Suratu Yusuf inda Adda ta ce, ban wuce aya huɗu ba na rufe don kuka, Goggo tana bakin ƙofa tana jina wannan karon bata ce komai ba. Ba zan ce na warke ba, sallar har yanzu da nauyi, jiya ma da la'asar sai da na yi ƙabli don na manta zaman tahiya, addu'ar Ummu Salama ce kawai nake iyawa ita ma a baki take bata sauka ƙasa ba tukuna, amma ina faɗa sau biyar.

Adda dan Allah maganar ƙulin nan, ina da naira dubu 15 da na ɓoye a cikin kwalla, mudu nawa zan fara dashi, kuma man a kwalba kike sayarwa ko a galan? Akwai injin niƙa a bayan layinmu.